Rijiyar cikin gida: yadda ake gina laburaren taimako ga manajan tagogi da 'yan rakiyarsa

A ɗakin da nake koyar da kwamfuta a wajen Ƙofar Ƙaura, nan Katsina, injunanmu duk na hannu ne, akasarinsu memorinsu bai wuce gigabayit 2 ba. Shi ya sa muka ɗora masu Debian ba tare da GNOME ko KDE ba, wasu muka sa masu i3, wasu Openbox. Da tafiya ta yi nisa sai sha'awa ta kama ɗaya daga cikin ɗalibaina, ya ce shi ma sai ya rubuta nasa manajan tagogi, wato manhajar da ke yanke inda kowace taga za ta zauna a allo, da girmanta, da wadda madannai za su riƙa yi wa magana. Ya rubuta shi da harshen C, ya kuma yi mashi 'yan rakiya biyu: zirin sama mai nuna agogo da sunayen tagogi, da wata 'yar manhaja mai suna aike, ta aika umarni daga taminal.

Wata rana ya buɗe fayil mai suna "Takardar kuɗi", sai zirin ya nuna "Takardar ku" da wani ɗan akwati a gabansa. Ya bi diddigi ya gyara. Bayan la'asar ya leƙo wurina ransa a ɓace, ya ce, "Malam, wallahi na gyara abin nan, ga shi ya dawo." Muka zauna muka duba tare. Bai dawo ba. Wanda ya gyara yana nan lafiya lau a ziri, wannan na saman taga ne. Layukan da ke yanke sunan taga wuri biyu ya ajiye su, manaja da ziri kowa da nasa, ya gyara ɗaya ya bar ɗaya.

Maganin wannan shi ne laburaren cikin gida: a tattara guntayen aikin da manhajojin suka yi tarayya a kai, a ajiye su wuri ɗaya, kowa ya ɗiba daga nan. Kowane guntun aiki mai suna a C, wanda kake miƙa wa kaya ya dawo maka da amsa, ɗan aike nake ce mashi a aji, haka kuma zan kira shi a nan.

Hanyar ba sabuwa ba ce. FVWM, wanda Robert Nation ya fara a 1993, yana da folda mai suna libs da shi da ƙananan manhajojinsa irin su FvwmPager suke sha daga ciki. Fluxbox yana da FbTk. i3, wanda Michael Stapelberg ya fara a 2009, yana da libi3, kuma i3bar da i3-msg da i3-nagbar da i3-input duk da ita aka gina su. Sway yana da folda mai suna common don swaybar da swaymsg da swaynag. Abin da ya haɗa su shi ne laburaren nasu rijiyar tsakar gida ce. Idan ka ga dama ka canja mata baki ko guga, mutanen gidanka kawai za ka gaya wa. Ran da ka mai da ita ta unguwa, ko bulo ɗaya ba za ka ɗaga ba sai an yi ta kai ruwa rana. Wannan bambancin nake so ka riƙe har ƙarshen jagorar.

Kayan aiki

A Debian ko Ubuntu:

```
sudo apt install build-essential pkg-config git libxcb1-dev libpango1.0-dev libcairo2-dev xserver-xephyr
```

Idan injuna da yawa ne kuma data ta yi tsada, saukar a inji ɗaya da apt-get, ka kwashe fayilolin .deb daga /var/cache/apt/archives a filashi ka kai wa sauran.

Mataki na 1: nemo abin da aka maimaita

Kada ka fara da zama kana tunanin abin da laburare ya kamata ya ƙunsa. Wanda ya fara ta nan yakan cika shi da 'yan aiken da ba wanda zai taɓa aika. Fara da abin da ke gabanka:

```
grep -rn "malloc\|strncpy\|xcb_get_property\|connect(" .
diff mai-taga/util.c ziri/util.c
```

Ka ɗauki biro da takarda ka rubuta kowane ɗan aike da ya bayyana fiye da sau ɗaya. Ƙa'idata a nan ba ta da sassauci: sai abu yana da masu amfani biyu yau, ba gobe ba, kafin ya shiga. Lissafin yadda za a jera tagogi a allo manaja ne kaɗai ke yin sa, don haka ya zauna a gidansa ko da ya yi kyau kamar me.

Inda kwafi biyu suka bambanta, ka tsaya ka karanta da kyau. Wani lokaci ɗaya ne aka gyara aka manta ɗayan, kamar na ɗalibina. Wani lokaci kuma bambancin da gangan ne, misali ziri yana ƙara ɗigo uku a ƙarshen suna, manaja ba ya ƙarawa. Irin wannan, abin da suka yi tarayya a kai kaɗai zai shiga laburare, ɗigo ukun ya tsaya a ziri.

Mataki na 2: shata iyaka

Ga tsarin da muka yi:

```
libgida/   gida.h  memori.c  rubutu.c  taga.c  sako.c  zane.c
mai-taga/
ziri/
aike/
gwaji/
Makefile
```

Dokar iyakar ɗaya ce. Manhajoji suna kiran laburare, laburare ba ya kiran manhajoji, bai ma san da zamansu ba. Duk ranar da ka ga `#include "../mai-taga/..."` a cikin libgida, katanga ta faɗi.

Inda ake yawan zamewa shi ne guraben ajiya na gama-gari. Kowace manhajar X tana da igiyar da ta haɗa ta da sabar X, wato babbar manhajar da ke riƙe da allo da madannai, kuma yana da sauƙi laburare ya ce kawai `extern xcb_connection_t *conn;` ya dogara da cewa duk wanda ya ɗauke shi yana da gurbi mai wannan sunan. libi3 ma tana da irin wannan: wasu sassanta suna jiran kowace manhaja ta tanadi `conn` da `root_screen`, da 'yan aiken rubuta rahoto irin su `verboselog` da `errorlog`. Yana masu aiki, shekaru suna kai. Amma ni ba na ba mai farawa wannan shawarar, domin ranar da za ka rubuta gwaji sai ka ƙirƙiro duk waɗannan guraben kafin ko layi ɗaya ya ginu. Miƙa wa ɗan aike igiyar a hannu duk lokacin da ka kira shi. Rubutun zai ɗan ƙara tsawo, amma duk wanda ya kalli kiran ya san abin da ake taɓawa.

Mataki na 3: fayil ɗin gida.h

Shi ne ƙofar laburaren. Abin da ba a rubuta a cikinsa ba, na ciki ne, a sa mashi `static` a fayil ɗinsa.

```c
#ifndef GIDA_H
#define GIDA_H
#include <stddef.h>
#include <xcb/xcb.h>

/* Ba ya dawo da NULL. Idan memori ya ƙare, manhaja ta tsaya. */
void *gida_calloc(size_t adadi, size_t girma);

/* Bayit nawa za a ɗauka ba tare da an raba harafi biyu ba. */
size_t gida_yanke_utf8(const char *s, size_t iyaka);

/* NULL idan babu. Wanda ya kira shi ne zai yi free(). */
char *gida_karanta_rubutu(xcb_connection_t *c, xcb_window_t w,
                          xcb_atom_t suna, xcb_atom_t iri);
#endif
```

Kowane suna ya fara da `gida_`, saboda C ba ta da wata hanyar raba sunaye, kuma idan ka kira naka `die` ko `log` wata rana za ka yi karo da na wani. `log` ma tuni laburaren lissafi na C ya riga ka. Sannan a saman kowane ɗan aike ka amsa tambaya biyu: me yake dawowa da shi idan abu ya ƙi, kuma wa zai saki memorin. Rabin rigimar da ke tashi tsakanin laburare da masu amfani da shi daga waɗannan biyun take.

Mataki na 4: yaushe laburare ke da ikon kashe manhaja

A nan zan daɗe, domin manajan tagogi ba kamar sauran manhajoji ba ne.

dwm, wanda Anselm Garbe ya fitar a 2006, yana da `die` da `ecalloc` a util.c. i3 yana da `smalloc` da `scalloc` da `sstrdup`. Dukkansu abu ɗaya suke yi: idan an nemi memori ba a samu ba, a rubuta dalili a fita. Wannan daidai ne, domin manhajar da ta kasa samun bayit 40 ba ta da wani abin kirki da za ta iya ci gaba da yi, kuma ya fi a ce kowane kira sai an bi shi da duba NULL, a manta a wuri ɗaya.

Amma ka tuna yadda ake tayar da manaja. Sau da yawa shi ne layin ƙarshe a .xinitrc, da `exec` a gabansa. Idan ya mutu, zaman X gaba ɗaya ya ƙare, duk tagogin da ke buɗe su tafi tare da shi. Yarinyar da ta kwashe awa biyu tana buga aikin makaranta ba ta adana ba, shi ke nan. Saboda haka ban da ƙarewar memori, laburare ba shi da hurumin kiran `exit`. Ba a sami salon haruffan da aka nema ba? Ya dawo da kuskure. Launin da aka rubuta a fayil ɗin saiti ba daidai ba ne? Ya dawo da kuskure. 'Yar manhajar aike tana iya fita nan take idan ta ga haka, ba wanda zai yi asara. Manaja kuwa sai ya koma kan launin da ya tanada ya ci gaba. Hukuncin na mai kira ne, domin shi ya san abin da ke wuyansa.

Akwai kuma wani kuskuren da a duniyar X ba kuskure ba ne, al'ada ce. Taga tana iya rufewa tsakanin lokacin da ka ji labarinta da lokacin da tambayarka ta isa saba. Sai a dawo maka da BadWindow. dwm da gangan yake kau da kai daga wannan saƙon. A XCB, laburaren da muke magana da sabar X da shi, amsar za ta zo NULL, kuma dole ɗan aikenka ya karɓe ta hannu bibbiyu.

Mataki na 5: sunayen tagogi da haruffanmu masu lanƙwasa

Taga tana ajiye sunanta a wuri biyu. Tsohon wurin shi ne WM_NAME na ƙa'idar ICCCM, wanda sau da yawa rubutunsa Latin-1 ne, kuma babu ƙ, ɗ, ɓ a Latin-1 ko kaɗan. Sabon wurin shi ne _NET_WM_NAME na ƙa'idar EWMH, da UTF-8. Kullum ka fara tambayar sabon, sai idan babu ka koma tsohon.

```c
char *gida_karanta_rubutu(xcb_connection_t *c, xcb_window_t w,
                          xcb_atom_t suna, xcb_atom_t iri)
{
    xcb_get_property_reply_t *r = xcb_get_property_reply(c,
        xcb_get_property(c, 0, w, suna, iri, 0, 128), NULL);
    if (r == NULL)
        return NULL;
    int n = xcb_get_property_value_length(r);
    char *s = NULL;
    if (n > 0) {
        s = gida_calloc((size_t)n + 1, 1);
        memcpy(s, xcb_get_property_value(r), (size_t)n);
    }
    free(r);
    return s;
}
```

Lura da abu biyu. Rubutun da saba ke aikowa ba shi da sifilin ƙarshe, shi ya sa muka ƙara bayit 1. Sannan 128 ɗin nan ba bayit ba ne, awon bayit huɗu-huɗu ne, wato bayit 512.

Yanzu ga abin da ya ci ɗalibina. A UTF-8, haruffan boko na yau da kullum bayit ɗaya ne kowanne, amma ƙ bayit biyu ne, C6 99. Haka ɗ, C9 97. Haka ɓ, C9 93. "Takardar kuɗi" gurbi 13 ne idan ka ƙirga da ido har da tazarar tsakiya, amma bayit 14 ne. Shi kuma ya ba kowace taga bayit 12 a ziri. Wuƙar ta faɗa daidai tsakiyar ɗ, aka ɗauki C9 aka bar 97, mai zanen haruffa ya ga rabin harafi ya sa akwati. Mai rubuta Turanci zalla zai iya shekara bai ga wannan ba. Mu a rana ɗaya muke cin karo da shi.

Gyaran gajere ne. Duk bayit ɗin da yake ci gaban harafi ne, ba farkonsa ba, yana farawa da 10 a lissafin sifili da ɗaya. Idan inda za ka yanke ya faɗa kan irinsa, ka ja baya:

```c
size_t gida_yanke_utf8(const char *s, size_t iyaka)
{
    size_t n = strlen(s);
    if (n <= iyaka)
        return n;
    n = iyaka;
    while (n > 0 && ((unsigned char)s[n] & 0xC0) == 0x80)
        n--;
    return n;
}
```

Ka riƙa neman fiye da abin da za ka nuna, kamar yadda muka nemi 512 alhali ba za mu ajiye fiye da 255 ba. Ita ma saba idan suna ya yi tsawo a kan bayit take yankewa, ba ruwanta da harafi, don haka yankan ƙarshe ya zama naka.

Wannan ɗan aiken ya tsare harafi, amma bai san wasali ba. A rubutun ajami, fataha da kisira da rufu'a alamomi ne masu zaman kansu da ake ɗora wa baƙi, yana iya ɗaukar baƙin ya bar wasalinsa. Ga kuma tafiya daga dama zuwa hagu da haɗewar haruffa. Xft, wanda drw.c na dwm ke amfani da shi, ba ya haɗe haruffan Larabci da kansa. Idan kana son taga mai suna da ajami ta fito yadda ya kamata, kuma a garin nan ya kamata ka so, sa zane.c ya bi ta Pango, wanda ke jingine da HarfBuzz da FriBidi. Ka ba shi faɗin wurin da `pango_layout_set_width`, ka ce ya taƙaita da `pango_layout_set_ellipsize`, shi zai san inda zai tsaya. Namu na yanke bayit sai ya zama na ajiya kawai.

Mataki na 6: saƙo tsakanin manaja da 'yan rakiya

Idan akwai abin da ya wajaba ya zauna wuri ɗaya, to wannan ne, domin mai aikawa da mai karɓa dole bakinsu ya zo ɗaya. Tsarin i3 abin koyi ne: kowane saƙo yana farawa da haruffa shida "i3-ipc", sai bayit 4 na tsawon saƙo, sai bayit 4 na irinsa, sannan saƙon kansa. Bayit 14 ke nan a kai. Yi naka kamar haka, ka ajiye soket ɗin, wato fayil ɗin da manhajojin ke magana da juna ta cikinsa, a ƙarƙashin XDG_RUNTIME_DIR, ka kuma duba tsawon hanyar, domin a Linux gurbin `sun_path` bayit 108 ne kacal.

`write`, haka ma ɗan'uwansa `send`, ba ya alkawarin kai kaya duka a tafiya ɗaya. Yana iya kai rabi, yana kuma iya dawowa da EINTR idan sigina ta katse shi, kuma manaja yana yawan samun SIGCHLD tunda shi ke tayar da wasu manhajoji.

```c
int gida_rubuta_duka(int fd, const void *kaya, size_t tsawo)
{
    const char *p = kaya;
    while (tsawo > 0) {
        ssize_t n = send(fd, p, tsawo, MSG_NOSIGNAL);
        if (n < 0) {
            if (errno == EINTR)
                continue;
            return -1;
        }
        p += n;
        tsawo -= (size_t)n;
    }
    return 0;
}
```

MSG_NOSIGNAL ɗin nan yana hana SIGPIPE kashe manaja idan ziri ya mutu ana tsakiyar yi mashi magana. A ɓangaren karɓa, kada ka yarda da tsawon da aka gaya maka ido rufe, sa iyaka kafin ka nemi memori. Kuma wannan ɗan aiken mai jira ne. Ya dace da ziri da aike, amma idan manaja ya yi amfani da shi kan zirin da ya sandare ya daina karantawa, allon gaba ɗaya zai tsaya cak. A ɓangaren manaja soket ya zama marar jira, abin da bai tafi ba a jera shi a layi.

Mataki na 7: gini

```make
CFLAGS += -std=c11 -D_POSIX_C_SOURCE=200809L -Wall -Wextra -MMD -MP -Ilibgida
CFLAGS += $(shell pkg-config --cflags xcb pangocairo)
ZANE = $(shell pkg-config --libs xcb pangocairo)
GIDA = $(patsubst %.c,%.o,$(wildcard libgida/*.c))

libgida.a: $(GIDA)
	rm -f $@
	ar rcs $@ $^

ziri/ziri: ziri/ziri.o libgida.a
	$(CC) $(LDFLAGS) -o $@ $^ $(ZANE)

aike/aike: aike/aike.o libgida.a
	$(CC) $(LDFLAGS) -o $@ $^

-include $(wildcard */*.d)
```

Kowane ɗan layi a nan yana da dalili. `rm -f` saboda `ar` ba ya zubar da tsohon .o na fayil ɗin da ka goge, sai ya ci gaba da zama a ciki. `-MMD -MP` saboda idan ka taɓa gida.h a sake harhaɗa duk wanda ya dogara da shi. Idan babu su, za ka ƙara gurbi a wani tsari, rabin manhaja ta san da shi rabi ba ta sani ba, ka wuni kana neman aljanin da babu. libgida.a kuma dole ya zo bayan fayilolin .o, domin mai ɗinkewa daga hagu yake bi zuwa dama, abin da aka riga aka nema kaɗai yake ɗauka.

Dubi layin aike: babu XCB, babu Pango. Daga cikin .a, fayilolin .o da ake buƙata kawai ake ɗinkawa, aike kuwa sako.o da memori.o kaɗai ya taɓa. Ribar rarraba laburaren fayil-fayil ke nan maimakon a cusa komai a util.c ɗaya. Idan Meson kake amfani da shi, kamar yadda i3 ya koma tun siga ta 4.19 a 2020, `static_library` da `declare_dependency` su ne daidai wannan, kuma ba ya girka laburaren a inji sai ka ce ya yi.

Ɗalibin nawa ya tambaye ni a nan, "Malam, me zai hana mu yi .so, kowa ya ɗauko lokacin tashi, mu rage nauyi?" Na ce mashi ya auna. Laburarenmu 'yan kilobayit ne, ko an ɗinka shi sau uku inji ba zai ji ba. Abin da zai saya da wannan ragin kuwa alkawari ne. Da zarar libgida.so da gida.h sun shiga /usr, wani zai gina nasa a kai, daga ranar kuma ba ka da ikon sauya jerin kayan da ɗan aike ke karɓa sai ka fasa mashi aiki. Openbox ya zaɓi wannan hanyar da saninsa: libobrender da libobt ana girka su, ObConf yana amfani da su, kuma suna ɗauke da lambar siga da dole a kula da ita. Laburaren wlroots ma daga buƙatar Sway ya fito ya zama na kowa, Sway 1.0 ya hau kansa a 2019, amma aiki ne mai zaman kansa da masu kula da shi, kuma masu gini a kansa sun saba da gyara nasu duk sabon fitowa. Idan wata rana dole ta sa ka yi .so, ajiye shi a folda ta kanka ƙarƙashin /usr/lib, ka nuna hanyar da rpath, ka harhaɗa da `-fPIC` da `-fvisibility=hidden`, kada ka girka gida.h.

Ɗinkewa a jiki ba ta rufe ƙofa ɗaya ba. Bayan ka sabunta, tsohon manaja yana nan yana gudana a memori, sabon aike kuma yana yi mashi magana da sabon tsari. Sa lambar siga a kan kowane saƙo, wanda ya ga lambar da bai sani ba ya ce bai gane ba, kada ya yi ta kame-kame.

Idan manhajojin naka ba a ma'ajiyar git ɗaya suke ba, lissafin ya canja. dwm da dmenu kowanne da ma'ajiyarsa, shi ya sa kowanne ke ɗauke da kwafin drw.c da util.c, gyara kuma sai an kai shi wuri biyu da hannu. Ga mai manhajoji uku da hannu ɗaya ke rubutawa, haɗa su a ma'ajiya ɗaya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Idan kuma ka aro layuka daga wurin wasu, ka bar sanarwar lasisinsu a kai: dwm da Sway MIT ne, i3 BSD ne, Openbox kuwa GPL ne, wanda sharuɗɗansa za su bi aikinka idan ka rarraba shi.

Mataki na 8: ƙaura ɗaya bayan ɗaya, da gwaji

Kada ka kwashe komai a dare ɗaya. Ɗauki ɗan aike guda, kai shi libgida, goge kwafinsa a duk manhajojin, gina, gwada, `git commit`, sannan na gaba. Mu da batiran injunanmu suka mutu, wuta na ɗaukewa inji ya mutu, mun san darajar adanawa akai-akai. Ban da haka ma, idan abu ya lalace ka san wane mataki ne ya jawo.

'Yan aiken rubutu ba sa buƙatar allo kafin a gwada su:

```c
assert(gida_yanke_utf8("Takardar kuɗi", 12) == 11);
assert(gida_yanke_utf8("Takardar kuɗi", 13) == 13);
assert(gida_yanke_utf8("ƙasa", 1) == 0);
assert(gida_yanke_utf8("", 5) == 0);
```

Gina gwajin da `-g -fsanitize=address,undefined`, zai kama maka karatun da ya wuce iyaka da memorin da aka manta ba a saki ba.

Masu taɓa X kuwa, kada ka gwada su a allon da kake aiki. Manaja ɗaya ne kawai saba ke yarda ya riƙe tagar tushe, wato babbar tagar da sauran duk ke zaune a kanta, na biyu BadAccess zai samu. Xephyr yana buɗe maka allo cikin allo:

```
Xephyr :1 -screen 1024x600 &
DISPLAY=:1 ./mai-taga/mai-taga &
DISPLAY=:1 ./ziri/ziri &
DISPLAY=:1 xterm -T "Ƙofar Soro da ɓangaren kuɗi" &
```

Gani ya kori ji. Ka matse tagar har sunan ya yanke, ka duba saman taga ka duba ziri. Ka buɗe tagogi goma ka rufe su da sauri don ka taso da BadWindow. Ka kashe ziri da `kill -9` ka ga ko manaja ya tsaya da ƙafarsa. Sannan ka daskarar da zirin da `kill -STOP`, ka yi ta sauya tagogi, ka ga ko allon zai sandare. Wannan na ƙarshen shi ya fi tona asiri.

Bayan wata biyu ko uku, koma ka yi ƙidaya. `nm -g --defined-only libgida.a` zai jero maka duk sunayen da laburaren ke bayarwa, sai ka bi kowanne da `grep -rl` a foldojin manhajoji. Wanda ba mai kiransa, goge shi, git yana riƙe da tarihinsa. Wanda mai kiransa ya koma ɗaya, mayar da shi foldar wannan manhajar ka sa mashi `static`. Da muka yi wannan ƙidayar a aikin ɗalibina, 'yan aike biyu muka mayar ziri, ɗaya na tsara agogo, ɗaya na karanta cajin batir daga /sys/class/power_supply, domin manaja bai taɓa neman ko ɗaya daga cikinsu ba.